Ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje a makarantarmu ta sadarwa a Amurka: tauraro uku da rabi na ba su

Tauraro uku da rabi cikin biyar, kuma rabin nan ma albarkacin wata mata guda ɗaya da ke aiki a wurin suka ci, za ku ji labarinta a gaba. Ofishin da nake nufi shi ne wanda ke kula da mu baƙi a jami'ar da nake karatun sadarwa da aikin jarida. Ba zan kama sunan makarantar ba don akwai ƙorafi a cikin maganar, kuma har gobe su ne masu sa min hannu a takarda, kun ga ai ba na tona wa kaina rami ba. Amma duk wanda ya shigo ƙasar nan da bizar F-1, wato bizar ɗalibai, zai tarar da irin wannan ofishi a makarantarsa, sunan ne kawai ke bambanta, dokokin da suke aiki da su na gwamnatin tarayya ne iri ɗaya a ko'ina.

Bari in fara da inda suka iya, don gaskiya sun iya. Harkar takardu ba ka da abin cewa. Tun kafin ka taso su ne za su turo maka I-20, takardar shaidar makaranta ta karɓe ka wadda da ita kake neman biza, takardar nan da rayuwarka gaba ɗaya ta rataya a kanta, su gaya maka ka biya dala 350 kuɗin SEVIS wato rumbun da gwamnati ke ajiye bayanan ɗalibai baƙi, su kuma ja maka kunne cewa ba a barin mutum ya shigo fiye da kwana 30 kafin ranar fara karatu da aka rubuta a takardar, saboda haka kar zumuɗi ya sa ka yanki tikiti da wuri ka zo a mayar da kai daga filin jirgi. Imel ɗinsu na wannan lokacin a tsare yake tsaf, mataki bayan mataki, ko yaro ya karanta zai gane. Da ka iso kuma akwai makon wayar da kai, a tara ku a babban ɗaki a yi ta haska muku dokoki a bango: dole ka ɗauki cikakken kwas, kiredit 12 ga masu digirin farko, kuma darasi ɗaya ne kacal na intanet ake ƙirgawa a ciki, in ka canja gida ka sanar cikin kwana 10, aiki a cikin makaranta bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, in za ka fita ƙasar ka tabbata akwai sa hannun tafiya a I-20 ɗinka wanda ke aiki tsawon shekara ɗaya. Duk wannan sun faɗa, sun maimaita, sun kuma turo ta imel har ka gaji. A nan biyar cikin biyar ne ba ragi.

Matsalar ita ce wannan lakcar iri ɗaya ake yi wa kowa. Mai karatun injiniya da mai karatun lissafi da kai mai karatun jarida duk ɗaki ɗaya, majigi ɗaya. Shi injiniya zai shige ɗakin gwaje-gwajensa ya rufe ƙofa ya yi shekara biyu lafiya lau ba tare da ya taɓa kusantar wata doka ba. Kai kuwa karatunka gaba ɗaya fita ne waje, tare mutane da tambaya, naɗar muryarsu, wallafa abu da sunanka a sama duniya na gani, kuma malamanka kullum waƙarsu ɗaya ce, ku wallafa ku wallafa ku tara ayyuka, ba wanda zai ɗauke ku aiki in ba ku da abin nunawa. To a daidai nan ne sashenmu da wannan ofishi suka raba gari, kowa na nasa bai san na ɗan uwansa ba, kai kuma kana tsakiya.

Misali ƙarara. Farfesanmu na rubutun labari, mutumin kirki wallahi, tsohon edita ne, ya karanta wani labari da na yi masa a aji ya ce wannan ai ya wuce aji, aika wa jaridar garin nan za su saya, suna biyan masu kawo musu rubutu daga waje. Ya ma ba ni imel ɗin editan. Shi a wurinsa alheri ya yi min, bai taɓa tunanin akwai wata biza a tsakani ba don ɗalibansa ƴan ƙasa haka suke yi kullum. Allah Ya taimaka na ce bari in leƙa ofishin in tambaya tukuna. Nan na haɗu da matar da na ce muku, ɗaya ce daga cikin jami'an da ake kira DSO, su ne waɗanda gwamnati ta amince su taɓa bayananka a SEVIS. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, sannan ta ce miƙo I-20 ɗinka, ta juya shafi na biyu ta ɗora bakin biro a kan wani fili da ba komai a cikinsa ta ce ka ga nan? Duk ranar da wani a wajen makarantar nan ya biya ka ko da dala ɗaya ce alhali wannan filin fayau yake, ka yi aiki ba izini, kuma wannan laifin ba irin wanda nake iya gyara maka ba ne da kwamfutata. Ta faɗa a hankali ba tsoratarwa, ta ɗauko ƴar takarda ta rubuta min abubuwan da zan tambayi editan da abin da zan tambayi sashenmu, har ta ce in dawo in gaya mata yadda muka yi. Jikina ya yi sanyi gaskiya. Abin da ya ba ni haushi shi ne me ya hana a faɗi wannan a makon farko ga mu ƴan sashen sadarwa musamman? An ce kar ku yi aiki a waje ba izini, eh an faɗa, amma kowa a ɗakin hankalinsa na kan aikin shago ko tuƙin mota, ba wanda ya kawo cewa sayar da hoto ɗaya ko rubutu ɗaya ma aiki ne. Har masu tashar YouTube da ke karɓar kuɗin talla ta ce su zo su zauna da ita kafin su ci gaba, kuma rabin ajinmu kowa da tasharsa.

Hanyar da doka ta buɗe ita ce CPT, izinin aikin sanin makama wanda ke cikin tsarin karatunka. Ofishin ne ke bayarwa ba sai an je hukumar shige da fice ba, a buga sunan kamfanin da ranar farawa da ranar gamawa a wancan filin na shafi na biyu, kuma sai ya fito kafin ka fara ko da kwana ɗaya ne. Sai dai yawanci sai ka cika shekarar karatu guda kafin ka cancanta, in ba kwas ɗinka na digiri na biyu ne da ya wajabta aikin tun farko ba. Sannan in ka yi wata 12 cur kana CPT na cikakken lokaci to ka ƙona OPT ɗinka, wato izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa. Bayanin nan duk suna da shi a shafinsu kuma daidai ne. Inda suka gaza shi ne lokaci. Manyan gidajen jarida da yawa tun wajen Oktoba da Nuwamba suke rufe karɓar takardun masu neman aikin sanin makama na bazara mai zuwa, su kuwa ofishin taron bayanin CPT sai da zango na biyu ya yi nisa suka kira, lokacin kasuwa ta riga ta watse. Ƴan ajinmu baƙi da yawa ba su nema ba don sun ɗauka ba su da dama, alhali zuwa bazarar sun cika shekara, da sun samu. Wannan kam sakaci ne, imel ɗaya tsakaninsu da sashenmu ya isa ya gyara shi.

Akwai kuma wani abu da nake so duk mai shirin zuwa ya duba tun yana gida, don su ba za su ɗago maka shi ba sai ka tambaya. A shafin farko na I-20 akwai wata lamba kusa da sunan kwas ɗinka, lambar CIP. Ita ke nuna ko kwas ɗin yana cikin jerin STEM na gwamnati, wato kwasa-kwasan kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi, in yana ciki kana iya neman ƙarin wata 24 a kan wata 12 na OPT, shekara uku ke nan maimakon ɗaya, da sharaɗin mai ɗaukarka aiki yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aikin ma'aikata. Aikin jarida zalla ba ya cikin jerin, amma 09.0702 ta sadarwar dijital tana ciki, shi ya sa za ka ga makarantu biyu suna koyar da kusan abu ɗaya amma ɗaliban ɗaya suna da shekara uku na ɗayar kuma shekara ɗaya. Ni sai da na zo na sani, daga bakin wani da ya riga ni shekara. Da na tambayi ofishin me ya sa ba sa faɗa sai aka ce min ai sashe ne ke zaɓar lamba ba su ba. Na je sashe aka ce in koma ofishin. Haka aka yi ta buga ni kamar ƙwallo har na haƙura.

Yanzu maganar zaman aji, wanda a ganina shi ne ainihin wahalar sabawa kuma ba wanda ya ɗauke ta a matsayin aikinsa. Turancin da ka ci jarrabawar TOEFL ko IELTS da shi daban, wanda za ka tare baƙo a bakin titi da shi daban. Makon farko-farko aka ce kowa ya fita ya samo ra'ayin mutane a kan wata ƙuri'a da za a kaɗa game da kuɗin makarantun gwamnati na yankin, da cikakken suna da shekaru, kuma sunan a rubuta shi daidai don a ajin nan kuskuren harafi ɗaya a suna sifili ne ba tattaunawa. Na tsaya a tashar bas da rikoda a hannu, iska na kaɗawa yatsuna sun ƙage, in na buɗe baki mutum ya ɗaga min hannu ya wuce ya ɗauka talla nake ko roƙo. Wanda ya tsaya kuma sai ya ce me ka ce? sau biyu sau uku, in ya fara ba ni amsa kuma ni ne ba na kama rabin abin da yake faɗa, ga shi ya karanto haruffan sunansa da gudu. Daga baya dabarar da na koya ita ce in miƙa wa mutum littafina da biro ya rubuta sunansa da hannunsa, shi ke nan an huta. Wani ɗalibi ɗan Koriya ne ya nuna min, ba malami ba, ba ofishi ba.

Sannan ita kanta ƙuri'ar ban san kanta ba. Ƴan ƙasa sun taso sun san mene ne hukumar makarantu ta yanki da ake zaɓa, sun san ana zaɓar sherif wato shugaban ƴan sandan yanki da babban mai gabatar da ƙara a mafi yawan wurare, sun san bambancin birni da kawunti da jiha da tarayya da wanda ke da iko da me. Malami ba ya tsayawa bayani don a wurinsa kowa ya sani tun firamare. Kai kuma an tura ka zaman majalisar birni ka kawo labari cikin awa biyu, kana zaune suna ta gardama a kan dokar rabon filaye kana rubutu ba ka san wanne ne labarin ba. Da ofishin nan zai haɗa kai da sashe su yi mana zama ko na yini ɗaya a kan yadda mulkin ƙasar yake, da ya fi mana amfani a kan daren nuna al'adu da suke kashe kuɗi a kai duk zango, wanda ba laifi yana da daɗi ana ciye-ciye ana hotuna, amma washegari ka koma aji da matsalarka yadda take.

Ga littafin salon rubutu na AP, kamfanin dillancin labarai na Associated Press, da kowane malami ke rantsuwa da shi. Lamba daga ɗaya zuwa tara da haruffa, 10 zuwa sama da alƙaluma, wata kafin rana a kwanan wata, zafi da ma'aunin Fahrenheit inda ruwa ke daskarewa a 32, nisa da mil. Ana yi mana gwaji a kansa kusan kowane mako. Cibiyar taimakon rubutu ta makaranta da ofishin ke tura mu can kyauta ce kuma yaran wurin suna da haƙuri, sai dai sun saba da rubutun bincike ne, sai su gyara maka labari ya koma maƙala mai doguwar shimfiɗa, ka kai wa farfesa ya ja jan biro ya ce ina labarin yake, me ya sa sai sakin layi na huɗu na gan shi. Don nahawu ka je, don labari kar ka ɓata lokacinka, nemi editocin jaridar ɗalibai.

Darasin dokar yaɗa labarai shi ne na fi jin daɗinsa kuma shi ne ya fi ruɗa ni. Za a koya maka gyaran kundin tsarin mulki na farko na 1791 da ya kare ƴancin magana da na ƴan jarida, da shari'ar New York Times da Sullivan ta 1964 wadda ta sa jami'in gwamnati ba ya cin ɗan jarida a ƙarar ɓata suna sai ya nuna an san ƙarya ce aka buga ko an yi ko oho da gaskiya, da dokar FOIA ta 1966 da ke ba kowa damar neman takardun gwamnatin tarayya. Za a kuma gaya maka naɗar waya ya danganta da jiha, dokar tarayya yardar mutum ɗaya ta isa amma a Kalifoniya da Fulorida da Fensilbeniya da wasu sai kowa ya yarda, wannan ka riƙe shi da kyau in kana kiran mutum a wata jiha. Ka fito ajin kana jin kanka zaki. Sai kuma ka tuna a watan Maris na 2025 jami'an shige da fice sun kama wata ɗaliba ƴar Turkiyya mai karatun digiri na uku a jami'ar Tufts a kan titi bayan an soke bizarta, abin da aka danganta da wani sharhi da ta sa hannu a jaridar ɗalibai shekara guda kafin nan, sai a watan Mayu alƙali ya sa aka sake ta. A watan Yuni na shekarar kuma ma'aikatar harkokin waje ta ce masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta a duba. To mu da aikin gidanmu shi ne wallafa abu da sunanmu, ina muka tsaya? In an tura ni ɗauko rahoton zanga-zanga in je ko kar in je? Mun kai wannan tambayar ofishin mu da yawa. Amsar da muka samu a rubuce ita ce su ba lauyoyi ba ne, ga jerin lauyoyin shige da fice, a yi taka-tsantsan. Na fahimci ba za su iya yi mana alƙawarin komai ba, amma ai ko lauya ɗaya sa gayyato ya zauna da mu awa guda. Matar nan ce dai, ita kaɗai, ta ce in an ba ku aikin da hankalinku bai kwanta da shi ba ku gaya wa malamin a ba ku wani, in ya ƙi ku turo min shi ni zan yi masa bayani. Kuma ta yi, na san wadda ta yi wa.

Sauran ƙananan hidimomi a gurguje. Haraji: suna tuna maka fom 8843 wanda dole ka cike ko ba ka samu ko sisi ba a shekarar, suna ba da lambar shiga Sprintax, manhajar cike takardun haraji ta baƙi, kafin 15 ga Afrilu an gama, madalla. Lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnati ke ba mutum don albashi da haraji: sai kana da aiki ake ba ka, wasiƙar da ake buƙata daga wurinsu tana fitowa da wuri. Inshorar lafiya: tilas ce, ana lafta ta a cikin kuɗin makaranta, bayanin da suka yi a kanta bai wadatar ba sam, ba wanda ya gaya mana cewa akwai kason da kai za ka fara biya kafin inshorar ta ɗauka, ko cewa haƙori da ido yawanci lissafinsu daban, sai da wata ƴar ajinmu ta ga takardar bashi daga asibiti ido ya raina fata. Ɗakin aron kayan aiki ba nasu ba ne na sashe ne, amma tunda kullum muna can bari in ce kamara da makirufo da ƙafar kamara duk masu kyau ne, sai dai kana sa hannu cewa in ya lalace kai za ka biya, saboda haka ka buɗe jakar a gabansu ka ƙirga batir da memori kafin ka fita, tarar makara kuma ba sa yafewa ko ƙanƙara ce ta tare ka.

Tsarin haɗa sabon ɗalibi da tsoho da suke tallatawa sosai, ni dai bai yi min aiki ba. An haɗa ni da wani mai karatun kimiyyar sinadarai, yaro mai fara'a, mun sha shayi sau ɗaya ya nuna min inda ake hawa bas, daga nan ba mu da abin cewa da juna. Da wani ɗan sashenmu aka ba ni ko daga wace ƙasa yake, da rabin abin da na lissafa a sama tun makon farko na san shi. Na rubuta musu wannan a takardar jin ra'ayi ta ƙarshen zango, an turo min godiya irin wadda kwamfuta ke turawa.

Samun ganinsu kuma ya danganta da wata. Tsakiyar zango ka shiga kai tsaye ba layi. Amma daga Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da masu kammalawa ke rububin OPT, tunda ana iya tura fom I-765 na neman izinin tun kwana 90 kafin gama karatu kuma kowa so yake nasa ya shiga da wuri, to imel ɗinka sai ya kwana ya wuni ya sake kwana, lokacin ganawa kuma sai ka ga babu sai makonni masu zuwa. Haka ma dab da hutun Disamba, kowa ya tuna da sa hannun tafiya a mako ɗaya. In kana da niyyar tafiya hutun nan ka nemi naka tun Oktoba, in kuma CPT kake jira ka gaya wa gidan jaridar tun farko cewa ranar farawarka sai takarda ta fito, don editoci ba su san wannan ba kuma ofishin ba zai kira su ya gaya musu ba.